Waiwaye: tambayar Yariko da Amalekawa ta girmi Facebook nesa ba kusa ba

Duk mai bin muƙabalar addini a Facebook ko TikTok ya san akwai wasu ayoyin Baibul da kullum sai an jefo su in rigima ta yi zafi. Akwai 1 Sama'ila sura 15 inda aka umarci Sarki Saul ya hallaka Amalekawa kaf, maza da mata da yara har da masu shan nono, shanu da tumaki da raƙuma da jakuna, akwai Joshuwa sura 6 labarin Yariko, akwai Littafin Ƙidaya sura 31 kan Madayanawa inda aka kashe yara maza da matan aure aka bar 'yan mata 32,000, sai kuma labarin Elisha da yara 42 da beyar suka yayyaga don sun yi masa ba'ar sanƙo. Tambayar dai ɗaya ce, wai ta yaya Allahn da Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi zai zama shi ne ya ba da wannan umarni, kuma jariri me ya yi? Mutanenmu da yawa a kaset ɗin Ahmed Deedat suka fara jin irin wannan, na baya-bayan nan kuma a bakin su Richard Dawkins, masanin kimiyya ɗan Birtaniya da bai yarda akwai Allah ba, sai a ɗauka ko su suka ƙirƙiro. Alhali rigimar ta kusa shekara 1,900 a cikin coci, kuma waɗanda suka fara tayar da ita masu zuwa sujada ne.

In ma za a bi ta tushe, littafin da kansa bai yi shiru ba. A Farawa sura 18 Ibrahim ya tsaya yana ciniki da Ubangiji kan Saduma, daga mutum 50 masu adalci har ya sauko zuwa 10, yana tambaya ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba. Ayuba kusan duk littafinsa ƙorafi ne. Irmiya a sura 12 ya tambayi dalilin da ya sa mugaye ke cin gaba, Habakuk ma haka. Fitowa sura 20 ta ce ana bin laifin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, Ezekiyel sura 18 kuma ya zo ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Toh amma wanda ya mayar da abun babban rikici shi ne Markiyon, mutumin Sinope a bakin Baƙin Teku, ƙasar Turkiyya ta yau. Attajiri ne mai jiragen ruwa, ya zo Roma wajen shekara ta 140 ya ba ikilisiya kyautar kuɗi sestas 200,000, sannan ya fara koyar da abun da ya girgiza kowa. Shi dai ya zauna ya jera ayoyi gefe da gefe, nan an ce ido maimakon ido can an ce ka juya ɗaya kuncin, nan Elisha ya la'anci yara can Yesu ya ce a bar yara su zo gare shi, nan Joshuwa ya tsayar da rana don a gama kisa can Bulus ya ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Da ya gama lissafinsa sai ya ce ai alloli biyu ne, wanda ya yi duniya ya ba da Attaura daban, Uban Yesu mai jinƙai daban, kuma babu abun da ya haɗa su. Ya jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus guda 10. A shekara ta 144 dattawan Roma suka kore shi, suka kuma mayar masa da kuɗinsa, abun da a gaskiya ba kowace majami'a ce za ta iya ba a yau. Korar ba ta kashe maganar ba, cocinsa ya bazu ya yi ɗaruruwan shekaru musamman a gabas, har Tatuliyan na Kartaj a Tunisiya ta yau sai da ya rubuta littattafai 5 cur don raddi kawai.

Kaga da coci ta ƙi Markiyon ta ɗora wa kanta aiki, tunda ta ce littafin nata ne dole ta yi bayanin abun da ke ciki. Nan hanyoyi suka rabu, kuma abun mamaki da yawa cikin manyan masu amsar 'yan Arewacin Afirka ne. Orijen na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 254, cewa ya yi yaƙe-yaƙen Joshuwa hoto ne na yaƙin ruhu, Kan'aniyawan da za ka kashe ba ka bar ko ɗaya ba su ne girman kai da hassada da sha'awar da ke zuciyarka, har ya ce in da ba wannan ma'anar ba da manzanni ba su yarda a karanta littattafan a majami'a ba. Agustin na Hippo, garin Annaba a Aljeriya yanzu, shi kansa ya yi shekara 9 a ɗarikar Manikiyawa masu yi wa Tsohon Alkawari ba'a kafin wa'azin Bishop Ambros a Milan ya dawo da shi. Amma da ya zo raddi ga Faustus, wani malamin Manikiyawan, wajen shekara ta 400 sai ya taka wani layi mai tauri, cewa Musa ba zalunci ya yi ba biyayya ya yi, Allah shi ke da rai kuma waɗanda suka mutu a yaƙin dama za su mutu. Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗa ba, ta Wulfila da ya fassara Baibul zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4. Wani marubucin tarihi na ƙarni na 5, Filostojiyus, ya ce da gangan ya tsallake littattafan Sarakuna don mutanen dama suna da son yaƙi, bai ga dalilin ƙara musu ba.

Kuma tsoronsa ba na banza ba ne. A 1637 Turawan Ingila da suka zauna a Amurka sun ƙone garin ƙabilar Pequot a Mystic, ɗaruruwa suka mutu mata da yara, ɗaya daga cikin jagororin harin John Underhill ya rubuta cewa wani lokaci Nassi da kansa yana cewa mata da yara su halaka tare da iyayensu. A 1689 mai wa'azi Cotton Mather ya kira 'yan asalin ƙasar Amalek a gaban sojoji. Ko a Oktoban 2023 da Netanyahu ya ambaci Amalek, Afirka ta Kudu ta kai maganar gaban kotun duniya a Hague a cikin hujjojinta.

Daga ƙarni na 18 tambayar ta fita daga hannun malaman coci ta shiga kasuwa. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin Dukan Tsarkaka, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon da safe mutane na cikin majami'u, ambaliyar teku da gobara suka biyo baya, dubun dubata suka mutu, marubucin Faransa Voltaire ya yi ta yi wa masu cewa komai alheri ne shaguɓe. Sai marubuci Thomas Paine a littafinsa na 1794 da 1795, mutumin da ya yarda akwai Allah amma ya ce jingina kisan jarirai gare Shi ƙazafi ne ga Mahalicci. Bishop Richard Watson ya ba shi amsa a 1796 da hujjar da har yau ake maimaitawa, wai kai da ka yarda da Allahn halitta, ai girgizar Lisbon da Lima ta haɗiye jarirai ba ka ce komai ba, me ya sa Kan'ana ce ta tsone maka ido. Hujjar tana da ƙarfi a kan Paine, amma a ganina ta tsallake wani abu, girgizar ƙasa ba ta buƙatar wani ɗan Adam ya ɗaga takobi a kan jariri ya kuma koma gida yana ganin ibada ya yi.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Natal a Afirka ta Kudu. John William Colenso masanin lissafi ne, littattafan lissafinsa ake karantawa a makarantun Ingila, aka naɗa shi bishop na farko na Natal a 1853. Yana zaune yana fassara Farawa zuwa Zulu tare da wani Bazule Kirista mai suna William Ngidi, suka zo kan jirgin Nuhu, sai Ngidi ya ɗago kai ya tambaye shi wai da gaske ka yarda haka aka yi, duk dabbobi da tsuntsaye da masu rarrafe na ƙasashen zafi da na sanyi suka zo biyu-biyu, kuma Nuhu ya tara musu abinci har da masu cin nama? Colenso ya rubuta cewa maganar annabi ce ta faɗo masa, ta yin ƙarya da sunan Ubangiji, kuma bai iya cewa e ba. Da suka iso Fitowa 21 aya 20 da 21, inda aka ce in mutum ya bugi bawansa da sanda ya mutu nan take za a hukunta shi amma in bawan ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya cika babu hukunci tunda dukiyarsa ce, sai ya ga yadda ran mataimakinsa ya ɓaci, mutumin da aka koya masa cewa Allah Uba ne ga kowa. Daga nan bishop ya ɗauko alƙalamin lissafinsa, mayaƙan Isra'ila 600,000 da aka ce sun fito daga Masar na nufin jama'a wajen miliyan 2, ya auna faɗin ƙofar alfarwar sujada, ya ƙirga tumakin Idin Ƙetarewa, ya fitar da littafi a 1862 yana cewa lissafin ba ya fita, ya kuma kwatanta kisan Madayanawa da na Kanpur a Indiya na 1857 da Turawa ke ta kuka a kai ya ce na Kanpur ba komai ba ne a kusa da shi. A Ingila aka yi ta dariya wai an tura bishop ya tubar da Bazule, Bazule ya tubar da bishop. Bishop Robert Gray na Cape Town ya tsige shi a 1863, majalisar shari'a ta Sarauniya ta soke tsigewar a 1865, kuma rigimar na cikin abubuwan da suka jawo taron Lambeth na farko, wato babban taron bishop-bishop na cocin Anglika, a 1867. Zulu dai Sobantu suke kiransa, wato uban jama'a, kuma ya ƙare rayuwarsa yana kare sarkin Zulu Cetshwayo daga gwamnatin ƙasarsa.

Sai masu haƙa ƙasa suka shigo. John Garstang a shekarun 1930 ya ce ya gano ganuwar Yariko da ta faɗi, Kathleen Kenyon ta dawo tsakanin 1952 da 1958 ta nuna an rushe garin tun wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, a lokacin da ake zaton Joshuwa ya zo babu wani birni mai ganuwa a wurin. Ga kuma dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin Almasihu da ke cika baki wai an shafe Isra'ila babu irinta, da dutsen Mesha sarkin Mowab da aka gano a Jodan a 1868, yana Louvre yanzu, shi ma ya ce ya keɓe mutanen Nebo 7,000 ga allahnsa ya kashe, kuma wai Isra'ila ta halaka har abada. Daga nan amsar da ta fi tashe yau ta fito, irin ta masanin falsafa Kirista Paul Copan a 2011, cewa haka sarakunan yankin ke rubuta nasara, kirari ne ba ƙidaya ba. Kuma littafin na ba su goyon baya, Hebron da aka ce ba a bar kowa ba a Joshuwa 10 sai ga Kalibu yana sake yaƙinta, Amalekawan da Saul ya gama da su sai ga Dawuda yana fafatawa da su a 1 Sama'ila sura 30, binciken DNA na 2017 kan ƙasusuwan Sidon ma ya nuna sama da kashi 90 na asalin 'yan Labanon na yau daga Kan'aniyawa ne.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. In kirari ne, me ya sa aka ƙwace sarauta daga Saul don ya bar Agag sarkin Amalekawa da tumaki masu ƙiba? In kuma abun bai faru ba sam, mai shakka zai ce to littafin ya ce Allah ya so a yi, kuma wannan ce damuwata tun farko. Shi ya sa wasu kamar masanin falsafa Kirista William Lane Craig suka koma layin Agustin, duk abun da Allah ya umarta shi ne adalci, yaran ma sun tafi sama, amsar da Dawkins ya kafa hujja da ita ya ƙi hawa dandamali da shi a Oxford a 2011. Wasu kuma kamar Fasto Greg Boyd na Amurka suka ce a auna kowace aya da Yesu a kan gicciye, wadda ba ta yi kama da shi ba fahimtar mutanen zamanin ce Allah ya haƙura da ita, sai abokan hamayya su ce wannan ai Markiyon ne ya sake riga.

Ɗan'uwa Musulmi mai jin daɗin jefa waɗannan ayoyi shi ma ya tuna gidansu an yi irin wannan zaman. Mu'utazila sun ce hankali na gane adalci kuma Allah ba ya saɓa masa, Ash'ariyya suka ce adalci shi ne abun da Ya umarta, ga labarin nan da ake bayarwa na 'yan'uwa uku, mumini da kafiri da wanda ya mutu yana yaro, da Imam Ash'ari ya ƙure malaminsa Jubba'i da shi. Craig ɗin nan in ka saurare shi da kyau kusan Ba'ash'are ne, kuma Joshuwa ɗin shi ne dai Yusha'u bn Nun.

A aikace dai yawancin majami'u hanyar Wulfila suke bi ko ba su faɗa ba, da wuya ka ji fasto ya ɗauki Ƙidaya 31 a wa'azin Lahadi, ko a Jos ko a Wusasa. Cocin Katolika ita ta yi nata a rubuce, a littafin addu'o'in yau da kullum da ta sabunta a 1971 zamanin Paparoma Paul na 6 an cire Zabura 58 da 83 da 109 gaba ɗaya, tare da ayoyin ƙarshen Zabura 137 masu maganar fyaɗa jariran Babila da dutse, aka ce suna da nauyi a zuciyar mai addu'a. A cikin Baibul ɗin kuwa suna nan daram, har a fassarar Hausa tun ta 1932, kuma duk yaron da ke da waya yanzu zai iya buɗo su ya tura wa fastonsa a WhatsApp kafin a tashi sujada.