Baƙon da ya sauka Kumasi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kowane mako sai an kawo mini wani ɗan'uwa daga Tawa ko Sakkwato nan Aboabo, jaka a kafaɗa, tambayoyi iri ɗaya. Ga su a rubuce, don Allah a daina buga mini ƙofa bayan Isha'i.

Sai na yi biza?

A'a. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90. In za ka wuce haka, je ofishin shige da fice ka nemi izinin zama.

Ni ɗan Nijar ne, ai mun fita daga ECOWAS?

Kun fita a Janairun 2025, ku da Mali da Burkina Faso. Lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunku har sai ta ba da wata sanarwa. Kwantar da hankalinka, amma riƙe fasfonka.

Wani ya ce zai samo mini katin Gana na 'yan ƙasa.

Kul! Laifi ne, kuma in asiri ya tonu kai za a kama, shi ya ci kuɗinka ya ɓace. Hukumar NIA, mai ba da katin shaida a Gana, tana da katin baƙi. Shi za ka yi, ka biya.

Zan iya kasa kaya a kasuwa?

To, nan ake yin ta. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa tallan kan titi da sayarwa a rumfar kasuwa da aski. Baƙon da ke son harkar saye da sayarwa, ta ce ya zo da jarin dala miliyan 1. Kai da ka zo da buhun albasa biyu fa? Na sani, za ka ce ga mutanenmu can suna sayar da albasa da tsire shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su. Haka ne, galibi ana kawar da kai. Amma a 2019 an garƙame shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame, nan Kumasi. Kuma tambayi tsofaffin Zongo labarin 1969, da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Ba na ce kada ka nemi abinci ba. Shawarata dai ka fara a ƙarƙashin maigidanka mai rumfa, ka gyara takardunka tukuna, kada ka zuba duk jarinka wuri guda.

In na kamu da ciwo fa?

Yi rajistar inshorar lafiya ta NHIS. Tun kana da lafiya, Malam, ba ranar da zazzaɓi ya kayar da kai ba.

Mai gida ya ce kuɗin hayar shekara biyu.

Doka ta ce kada ya wuce na wata shida. Faɗa masa haka, ka ga ko zai ba ka makulli.