Noman Naman Kaza

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, dangin funfuna ne, shi ya sa nomansa ya sha bamban da na gero ko masara. Ba ya dogara da hasken rana. Ruɓaɓɓen kara da dusar katako da taki su ne abincinsa. Ainihin jikinsa farin zare ne mai kama da saƙar gizo da ke ratsa wannan abinci, laimar da ake tsinka kuwa 'ya'yansa ce.

A Faransa aka fara noman nau'in Agaricus bisporus a ƙarni na 17, daga baya manoma suka koma cikin ramukan haƙar dutse na kewayen Faris saboda sanyi da danshinsu. A 1932 James Sinden na jihar Pensilbeniya a Amurka ya fito da dabarar renon iri, wato zaren naman kazan, a jikin dafaffen hatsi, wadda ake bi har yau. Yanzu ƙasar Sin ce kan gaba a duniya da rata mai yawa.

Aikin noman Agaricus yana farawa da taki. Ana cakuɗa karan alkama da kashin doki ko na kaji da jibsam (wani farin ma'adini), a jiƙa, a riƙa juyawa har tulin ya ɗauki zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Celsius. Sannan a turara shi a kusan digiri 60 don kashe ƙwari da baƙin ƙwayoyin cuta. Nan ne gwanintar take, domin funfuna kore mai suna Trichoderma tana son abincin nan, kuma in ta riga iri kama wuri, amfanin ya lalace. Don haka mai wannan sana'a ba ya wasa da wanke hannu da kayan aiki.

Bayan an zuba iri, zaren yakan mamaye takin cikin kamar mako biyu a digiri 25. Sai a rufe samansa da jiƙaƙƙiyar ƙasa mai haɗe da farar ƙasa, a sauke zafin ɗakin zuwa digiri 16 ko 18, a buɗe wa iska hanya. Wannan canji ne ke sa 'yan ƙulle-ƙulle farare su ɓullo, suna ninka girmansu kusan kowace rana. Da hannu ake tsinka, ana murɗawa a hankali, don yatsa kaɗai kan bar masa tabo. Girbin yakan zo zubi-zubi, kusan mako guda tsakani.

A ƙasashe masu zafi, nau'in Pleurotus ya fi sauƙi. A Gana da Najeriya ana cusa dusar katako cikin leda, a turara a durom, a zuba iri, a jera a rumfa mai inuwa ana yayyafa ruwa. Ba ya jimirin ajiya, don haka abin da ba a sayar cikin 'yan kwanaki ba sai a shanya.