Hukunci kan kuskuren doka a gasar katunan tarawa

Katunan tarawa wasa ne da kowane ɗan wasa ke zuwa da tarin katunansa da ya zaɓa da kansa, kowane kati kuma da dokarsa a rubuce a jikinsa. Na farko a wannan fanni shi ne Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993. Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! a 1999. Wanda ya saba da belot a fadojin Yamai ya san katuna 32 da doka guda da kowa ya haddace. A nan katuna dubbai ne, wani yana soke dokar wani, shi ya sa ko gwani yakan yi kuskure, kuma gasa ba ta yiwuwa sai da alƙali.

A Magic tsananin doka mataki uku ne: na wasan yau da kullum, na gasa mai babbar kyauta, da na ƙwararru. A mataki na farko aikin alƙali koyarwa ne da gyara. A sauran biyun akwai rubutaccen kundin laifuffuka, mai hukunci iri huɗu: gargaɗi, faɗuwa wasa ɗaya, faɗuwa karawar baki ɗaya, da kora daga gasa.

Idan aka ga kuskure, ƴan wasa su tsaya, kada wanda ya taɓa kati, a ɗaga hannu a kira alƙali. Gyara a tsakaninsu shi ne ya fi ɓata lamari, domin kafin alƙali ya iso shaidar ta watse. Yakan saurari kowa, wani lokaci ya ja mutum gefe don kada tambaya ta tona abin da ke hannunsa. Abin da yake fara tantancewa shi ne ko da gangan ne. Maguɗi sai an karya doka, mutum ya san ya karya, kuma yana neman riba da hakan, hukuncinsa kora. In ɗaya ya rasa, kuskure ne, kuma akasari gargaɗi ne kawai. Ana rubuta shi, domin na uku a kan kuskuren wasa iri ɗaya a yini guda yakan koma faɗuwa wasa. Abokin karawar da ya bari kuskure ya wuce bai lura ba shi ma yana samun nasa gargaɗin, amma wannan ba ya hauhawa.

Hukunci daban, gyaran wasan daban, kuma a gyaran ne ake gane gogaggen alƙali. Zaɓinsa uku ne. Akwai ƙananan gyare-gyare da kundin ya lissafa, kamar wanda ya manta bai ja kati ko bai zubar ba, sai ya yi yanzu. Akwai barin wasa yadda yake. Akwai kuma mayar da wasa baya, wanda sai da izinin babban alƙali. Ana warware abubuwan da aka yi ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe har zuwa inda kuskuren ya faru. Katin da aka ja, in abokin karawa bai san wanne ne ba, ana zarar ɗaya daga hannu ba tare da dubawa ba, a mayar saman tari. Matsalar ita ce kati yana komawa, amma abin da ido ya gani ba ya komawa. Wanda ya riga ya ga makamin abokin karawarsa zai sauya dabara. Saboda haka idan an yi nisa, an ja katuna da yawa ko an cakuɗa tari, barin wasa da kuskurensa ya fi adalci, ko da ƴan kallo za su yi gunaguni.

Idan mutum ya ja kati fiye da ƙa'ida ya haɗe da na hannunsa, ba mai iya cewa wanne ne. Maganin shi ne ya buɗe hannunsa duka, abokin karawa ya zaɓi wanda za a cakuɗa cikin tari. Akwai kuma ikon kati da ke tashi da kansa: tuna shi nauyin mai katin ne, ɗayan ba dole ya faɗa ba. In an manta aka tuna da wuri, abokin karawa ne ke zaɓar ko ikon ya yi aiki, kuma babu gargaɗi sai in ikon na cutar da mai shi ne.

Takardar jerin katuna, wadda ɗan wasa ke rubuta katunan tarinsa a ciki ya miƙa kafin gasa, ta fi tsanani. Tari ba ya gaza 60, na ajiya da ake musanyawa tsakanin wasanni ba sa wuce 15, kati ɗaya ba ya wuce kwafi 4 ban da katunan ƙasa na asali, waɗanda ke ba da ƙarfin buga sauran katuna, kuma jerin da ya saɓa wa wannan yakan jawo faɗuwa wasa.

Yu-Gi-Oh! yana raba yanayin wasa zuwa mai gyaruwa, marar gyaruwa, da wanda aka riga aka karɓa aka ci gaba. Pokémon yana da hukuncin da ke rage wa abokin karawa biyu daga katunan lada 6 da yake buƙata don ya ci.

Mai shirya ƙaramar gasa a Yamai ko Tahoua ya kula da abu biyu. Katin Magic da aka buga da Faransanci halal ne, amma in gardama ta tashi, rubutun hukuma na Ingilishi da ake kira Oracle ake bi. Sannan ƙurar hunturu da gumi suna ɓata rigunan leda na katuna, kuma tabon da zai sa a gane kati ta baya laifi ne mai jawo gargaɗi. In tabon ya taru a kan wasu muhimman katuna kaɗai, babban alƙali na iya ɗaga gargaɗi zuwa faɗuwa wasa.

Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara ga babban alƙali, maganarsa ce ta ƙarshe. A Magic zagaye yakan ɗauki minti 50, kuma duk hukuncin da ya ci fiye da minti ɗaya ana mayar wa teburin lokacinsa.