Bindigar toka

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, bindiga ce da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, a danna su da sanda har su zauna a gindin bututu. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Har yanzu tana hannun mafarauta da 'yan sintiri a ƙauyukan da ke kewaye da Jos, tana kuma fitowa a hawan salla, inda 'yan bindigar sarki ke buga ta da albarushi tsantsa don ƙara kawai.

Tarihi

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci bindiga tun ƙarni na 15, a labarin zuwan Dagaci daga Barno, amma masana sun yi saɓani a kan abin da ake nufi da ita a wurin. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta Imam Ahmad bn Fartuwa, wanda ya rubuta cewa Mai Idris Alooma na Barno ya yi yaƙi da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Bindiga mai ƙanƙara, wato wadda dutse ke ƙyasta ƙarfe ya ba da wuta, an daidaita ƙirarta a Faransa wajen 1610. Ta shigo Afirka ta Yamma da yawa ta bakin teku, kuma sunan da Turawa ke kiran ta da shi, wato "Dane gun", ya samo asali daga fataken Danmak, waɗanda suka riƙe ganuwar Christiansborg a Akara har suka sayar wa Ingila a 1850. A 1807 Alexander Forsyth, wani limamin coci a Sikotlan, ya yi rajistar hanyar tada wuta da bugu, kuma daga nan aka samu 'yar hular tagullar da ta maye gurbin ƙanƙara wajen shekarun 1820. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna wajen tara bindigogi da ƙera igwa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofar masu ƙanƙara, abin da ya taimaka wannan tsohuwar ƙira ta daɗe a nan bayan Turai ta ajiye ta. Daga baya maƙeran gida suka karɓi sana'ar.

Ƙa'idar ɗuri

Yawancin haɗarin wannan bindiga a wajen ɗuri yake, domin a lokacin hannu da fuskar mai ita na kusa da bakinta. Ana kafa gindinta a ƙasa, a karkata bakin nesa da kai da kuma jama'a. Kafin komai a tabbata babu hula a kanta, kuma babu tsohon ɗuri a ciki. Gogaggun maharba kan yi wa sandar ɗuri tsaga a daidai inda take tsayawa idan bututun fanko ne. In aka zura ta tsagar ta tsaya sama da baki, to akwai abu a ciki. Ɗuri a kan ɗuri yana daga cikin abubuwan da ke fasa bututu.

Idan yanzu aka yi harbi, a share cikin da tsumma mai ɗan laima, a bi da busasshe, saboda ragowar garwashi. Ba a busa bututu da baki. Albarushi a ma'auni ake zuba shi, a toshe ƙahon da ake ajiye albarushin, sannan a juye ma'aunin cikin bindiga. Wanda ya tuttula kai tsaye daga ƙaho, idan tartsatsi ya kama, ƙahon gaba ɗaya zai tashi a hannunsa. Bayan albarushi sai tsumma, sai dalma, a tura da sanda a hankali har ta zauna daram a kan albarushin, domin giɓin iska a tsakaninsu na iya kumbura ƙarfen ko ya tsage shi. Sandar da yatsu ake riƙe ta ta gefe, ba a kifa tafin hannu a kanta. Hula ita ce ta ƙarshe, sai an fuskanci abin harbi.

Garin albarushin da ke cikin harsashin zamani ba na wannan bindiga ba ne sam. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta, balle wadda aka ƙera da bututun ruwa, wanda ɗinkinsa ke iya buɗewa. Taba da wuta ba su da wuri kusa da mai ɗuri.

Idan ta ƙi tashi

A daminar Jos albarushi kan sha laima, sai a ja kunama a ji shiru, bayan ɗan lokaci kuma ta tashi. Don haka ake riƙe bakinta a inda ba kowa aƙalla minti ɗaya, ba a leƙa ciki.

Tsafta

Tokar albarushi na jan laima ta ci ƙarfe. A wanke da ruwan zafi a ranar harbi, a busar, a shafa mai.

Doka

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a aji nasu, ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana mallakarsu ba tare da lasisi ba. Batun barin su a hannun 'yan sintiri na ci gaba da jawo muhawara a Filato.