Takarar Ahmed Effendi a Zaɓen Cape na 1894

Ahmed Ata'ullah Effendi malami ne Musulmi da ya nemi kujerar birnin Cape Town a majalisar wakilai ta yankin Cape, a kudancin Afirka, lokacin zaɓen 1894, zamanin mulkin mallakar Ingila. Bai ci zaɓen ba. Abin da ya sa ake tuna takararsa shi ne, tun kafin ranar ƙuri'a majalisa ta zauna ta canza dokar zaɓe don ta tare masa hanya.

Mahaifinsa shi ne Abubakar Effendi, malamin fiƙihu da Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz ya tura Cape don ya karantar da Musulmin can. Ya isa a 1863, ya rasu a 1880. Ya rubuta littafin addini cikin harshen Afirkans da haruffan Larabci, irin yadda malaman ƙasar Hausa suke rubutun ajami, aka buga shi a Istanbul a 1877. Shi Bahanafe ne, alhali mafi yawan Musulmin Cape, jikokin bayi da 'yan gudun hijirar da aka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya, mazhabar Shafi'i suke bi, kuma wannan ya haifar da saɓani mai tsawo. Ɗansa Ahmed ya gaji karantarwa, ya koyar a Kimberley, garin haƙar lu'ulu'u.

Tsarin mulkin da aka ba Cape a 1853 bai ambaci launin fata ba. Duk namijin da ke zaune a gida ko fili mai darajar fam 25, ko yake karɓar albashin fam 50 a shekara, yana da ƙuri'a, kuma duk mai ƙuri'a yana iya neman kujerar majalisar wakilai. Mata ba su ciki. Majalisar farko ta zauna a 1854. Turawan Cape ba su damu da wannan sassauci ba muddin baƙaƙe masu ƙuri'a 'yan kaɗan ne. Da aka haɗe ƙasashen Xhosa, wata al'ummar baƙar fata, da yankin, masu rajista suka ƙaru, sai aka shiga toshe ƙofa. A 1887 gwamnatin Gordon Sprigg ta hana lissafa filin da jama'a suka mallaka tare cikin dukiyar mai neman ƙuri'a. A 1892 kuma gwamnatin Cecil Rhodes, wadda ta dogara da goyon bayan ƙungiyar Afrikaner Bond, jam'iyyar Turawan Cape masu asalin Holan, ta ɗaga sharaɗin daga fam 25 zuwa fam 75, ta ƙara da cewa sai mutum ya iya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa.

Wata kafa ta rage a Cape Town. Birnin yana da kujeru huɗu, kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a huɗu, kuma doka ta yarda ya zuba su duka a kan mutum ɗaya. Lissafin ba shi da wuya: idan mutanen da suka ɗan haura kashi ɗaya bisa biyar na masu zaɓe suka haɗa kai a haka, babu yadda za a hana ɗan takararsu kujera, komai haɗin kan sauran. Amfanin irin wannan tsari ke nan, ya ba marasa rinjaye baki a majalisa. Da labarin niyyar Effendi ya bazu, aka ga Musulmin birnin da sauran waɗanda ba Turawa ba za su iya cin moriyarsa, sai majalisa ta soke tara ƙuri'un a 1893. Shekaru kusan arba'in ana amfani da tsarin ba a ga aibunsa ba, sai da Musulmi ya miƙa hannu.

Effendi bai janye ba. Ya shiga zaɓen a farkon 1894, ya kara da 'yan takara Turawa, ya sha kaye, kujerun huɗu duka suka tafi hannun Turawa. Ba sauyin doka kaɗai ya kayar da shi ba, domin Musulmin birnin ma ba duka suka mara masa baya ba. A faɗin yankin kuwa, Rhodes ya ci gaba da riƙe firaminista har 1896.

Daga baya Daular Usmaniyya ta naɗa Effendi ƙaramin jakadanta a Singafo, inda ya rasu a 1903.

Har majalisar Cape ta kai ƙarshen rayuwarta a 1910, lokacin da Cape ta zama lardi a Tarayyar Afirka ta Kudu, babu wanda ba Bature ba da ya taɓa zama a cikinta, ko da yake doka ba ta hana ba. Nasarar da aka samu a ƙananan majalisu ne: Dakta Abdullah Abdurahman ya shiga majalisar birnin Cape Town a 1904, Walter Rubusana kuma ya ci kujerar Tembuland a majalisar lardi a 1910. Dokar da majalisar Ingila ta zartar a 1909 don kafa Tarayyar Afirka ta Kudu ta rubuta a fili cewa sai mai asalin Turai ne zai zama ɗan majalisar ƙasa.