Waiwaye: Yadda jifa ya daɗe yana haddasa gardama a ƙwallon ƙafa

Idan aka tashi daga wasan hamayya, da wuya ka ji wani ya soma da maganar jifa. Da alƙalin wasa ake farawa, a gangaro kan koci: me ya sa ya cire wane, me ya sa ya bar wane a benci har minti na 80. Sai musu ya yi nisa wani zai tuna cewa ƙwallon da ta kashe wasan daga hannu ta taso, daga bakin layi. Nan take a rabu gida biyu. Waɗanda aka ci su ce wannan ai ba ƙwallo ba ce, waɗanda suka ci su ce a je a duba allo.

Wannan musu ya girmi duk wanda ke yin sa yau. A dokokin farko da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta rubuta a 1863, duk ɗan wasan da ya riga taɓa ƙwallo bayan ta fita shi ke da jifa, ko daga wane ɓangare yake, kuma a miƙe zai jefo ta cikin fili. Sai a 1873 aka mayar da jifa hakkin ɓangaren da bai fitar da ƙwallon ba. A garin Sheffield kuwa, inda suke da nasu dokokin, da ƙafa ake dawo da ita. Da hannu ɗaya ake jifa a zamanin, kuma masu ƙarfin damtse irin su William Gunn na Notts County suna cilla ta nesa har abin ya fara damun mutane. A farkon shekarun 1880 aka tilasta jifa da hannu biyu daga saman kai, don a rage masa kaifi. Amma a 1920 aka yi wani gyara da ya sake buɗe ƙofa: babu satar gida ga wanda aka jefo wa ƙwallo kai tsaye. Daga wannan gyaran duk wata dabarar dogon jifa ta samu gindin zama.

Magoya bayan Leeds United sun ɗanɗana ɗacinta a 1970. A wasan ƙarshe na Kofin FA da aka sake bugawa a Old Trafford, tsakaninsu da Chelsea da ba sa ga maciji, Ian Hutchinson ya cillo doguwa a ƙarin lokaci, David Webb ya ƙarasa ta cikin raga, aka tashi 2-1.

Wani lokacin ma jifan da ba shi da wata dabara ke haifar da rigima. A watan Fabrairun 1999, ranar da Nwankwo Kanu ya fara buga wa Arsenal, Ray Parlour ya jefa ƙwallo da nufin mayar wa golan Sheffield United, wanda ya fitar da ita don a duba wani da ya ji rauni. Kanu bai fahimci abin da ake ciki ba, ya ɗauke ta ya ba Marc Overmars, shi kuma ya zura. A doka babu laifi. Kocin Arsenal Arsène Wenger dai ya nemi a sake wasan, aka sake, Arsenal ta ƙara cin 2-1. Na Satumban 2002 ya fi zafi, don wasan 'yan gari ɗaya ne, Birmingham City da Aston Villa. Olof Mellberg ya jefa wa golansa Peter Enckelman, ƙwallo ta sulale ƙarƙashin ƙafarsa ta shige raga. Doka ta ce ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa. In bai taɓa ta ba, kwana ce ya kamata a ba Birmingham. Alƙalin wasa ya ce ya taɓa. An tashi 3-0, kuma har gobe za ka samu mutanen Villa da ke rantsuwa takalminsa bai ko shafe ta ba.

Amma wanda ya mayar da jifa batun aƙida shi ne Rory Delap. Stoke City ta hau gasar Firimiya a 2008 ƙarƙashin Tony Pulis, ba ta da taurari, tana dai da dogayen mutane da Delap, ɗan tsakiya da ya yi jifan mashi yana yaro. Jifan Delap ba ya tashi sama ya lulluƙa kamar na sauran. A kwance yake zuwa da gudu, gola ba ya samun damar fitowa ya cafke, kuma ɗan shafa kaɗan, ko da kan ɗan baya ne, ya isa ya kai ta raga. Pulis ya ƙuntata faɗin filinsu iya abin da doka ta yarda, aka tanadi tawul a gefe don goge ƙwallo. A ranar 1 ga Nuwamban 2008 Stoke ta doke Arsenal 2-1, Ricardo Fuller da Seyi Olofinjana suka ci, duka biyun daga hannun Delap. A cikin watan ne golan Hull City, Boaz Myhill, da aka matsa masa, ya gwammace ya buga ƙwallo ta zama kwana da ya bar ta ta fita jifa.

Daga nan gaba ta ƙullu tsakanin Arsenal da Stoke, ƙungiyoyin da babu maƙwabtaka a tsakaninsu, sai karyewar ƙafar Aaron Ramsey na Arsenal a filin Stoke a 2010 ta ƙara rura wutar. Wenger ya taɓa kwatanta salon Stoke da wasan zari-ruga. A ganina ƙorafin nasa da ƙanshin gaskiya a gefe guda: lokacin da ake ɓatawa wajen goge ƙwallo da jiran 'yan baya su hauro, daga cikin minti 90 na masu kallo ake yankar sa. Inda ban bi shi ba shi ne ɗaukar dabarar a matsayin abin kunya. Kocin da ba shi da kuɗin sayen gwanaye, in ya ga doka ta bar masa taga, ba zai tsaya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Wenger bai saki maganar ba. Bayan ya zama shugaban sashen bunƙasa ƙwallon ƙafa na FIFA a 2019, ya kawo shawarar a riƙa dawo da ƙwallo da ƙafa a wasu yanayi. An taɓa gwada hakan a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, wadda Najeriya ta lashe da su Kanu, kuma gwajin bai ɗore ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in ƙafa ce za ta dawo da ƙwallo, kowace fita ta zama bugun tazara, dogayen ƙwallayen da ake gudu sai su ƙaru.

Iceland ta fitar da Ingila daga gasar Turai ta 2016 da ci 2-1, kuma ƙwallon da ta farke da ita daga jifan Aron Gunnarsson ta fito. Kocin Ingila Roy Hodgson ya ajiye aiki a daren. Bayan shekara biyu Jürgen Klopp ya ɗauko Thomas Grønnemark, mutumin Denmark, ya koya wa 'yan Liverpool jifa. An yi ta dariya a gidajen talabijin. Abin da masu dariyar ba su lura da shi ba, aikinsa a Liverpool ya fi karkata ga gajeren jifa: wa zai matsa, wa zai janye mai gadinsa, yadda ba za a jefa ƙwallo yanzu a rasa ta yanzu ba. Abu ne da ke faruwa sau gommai a wasa guda, amma an shafe fiye da ƙarni kusan ba mai ware masa lokaci a atisaye.

Yau Arsenal ɗin da magoya bayanta suka yi shekaru suna yi wa Stoke gori, da bugun kwana take tsorata abokan karawa, tana da kocin da aikinsa ke nan, Nicolas Jover. Brentford ta wuce nan, a 2025 ta ɗauki mai koyar da irin waɗannan dabaru, Keith Andrews, ta ba shi ƙungiyar gaba ɗaya, ga Michael Kayode yana cillo mata jifa har gaban raga. Tawul kam bai tsira ba: tun 2023 ƙungiyoyin rukunonin da ke ƙasa da Firimiya suka kaɗa ƙuri'ar hana goge ƙwallo da shi kafin jifa.