Atlantique (fim na 2019)

Atlantique fim ne da aka shirya a Senegal da harshen Wolof, da ɗan Faransanci nan da can, ya fito a shekarar 2019. Mati Diop ce ta ba da umarni, ita da Olivier Demangel suka rubuta labarin. Kamfanonin Senegal da Faransa da Beljiyam ne suka haɗa hannu wajen shirya shi. Labarin ya shafi samarin Dakar da ke shiga kwalekwale su nufi Sifaniya, sai dai kyamarar ba ta bi su cikin teku ba ko sau ɗaya. Ta tsaya a gaɓa tare da 'yan matan da aka bari.

Tushen labarin

A tsakiyar shekarun 2000 hanyar teku daga Senegal zuwa tsibiran Canary na ƙasar Sifaniya ta yi ƙamari. A 2006 kaɗai mutum sama da 30,000 suka sauka a tsibiran, mafi yawansu cikin kwalekwalen katako na masunta, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,500 da kan ɗauki mako ɗaya ko fiye. Ba a iya ƙidaya waɗanda ruwa ya ci ba. A lokacin ne taken "Barça wala Barsakh" ya bazu a bakin matasa, wato ko Barcelona ko Barzahu. Kalmar ita ce dai barzahun da mai karatu Bahaushe ya sani, zaman da ke tsakanin mutuwa da tashin ƙiyama, kuma ana iya cewa a wannan tsakanin fim ɗin ya kafa tantinsa.

An haifi Mati Diop a Paris a 1982. Mahaifinta shi ne mawaƙi Wasis Diop, baffanta kuma Djibril Diop Mambéty, wanda ya yi Touki Bouki a 1973, fim kan saurayi da budurwa da ke mafarkin barin Dakar zuwa Paris ta jirgin ruwa. A 2009 ta fitar da gajeren fim mai suna Atlantiques, inda wani matashi ke zaune a bakin wuta da dare yana ba abokansa labarin tsallaka tekun da ya yi. Shekara goma ta ɗauka kafin wannan ƙwaya ta zama dogon fim.

An ɗauki akasarin fim ɗin a Thiaroye, unguwar masunta a bayan garin Dakar. A nan ne sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta a ranar 1 ga Disamba 1944, bayan sun nemi a biya su haƙƙinsu na yaƙi. Har yau ana taƙaddama kan adadin mamatan. Masu sharhi da dama sun ga alaƙa tsakanin wancan bashi da na ma'aikatan da ke cikin fim.

Labari

Souleiman lebura ne a wani dogon gini da ake yi a bakin teku. An yi watanni ba a biya shi da abokan aikinsa ba. Yana son Ada, ita ma tana son sa, amma an riga an ba da ita ga Omar, mai kuɗi da ke zuwa da komawa Italiya, kuma saura 'yan kwanaki a ɗaura aure. Wani dare Ada ta je wurin da suka saba haɗuwa, sai ta tarar da 'yan mata kaɗai: samarin sun shiga teku ba sallama.

A daren biki gadon amarya ya kama da wuta, wasu suka ce sun ga Souleiman. Aka ɗora wa wani matashin ɗan sanda, Issa, binciken. Iyayen Ada kuma suka kai ta a gwada budurcinta. Daga nan zazzaɓi ya fara kama ƙawayenta. Da dare sukan tashi da fararen idanu, ba takalmi, su nufi gidan Ndiaye mai ginin, suna magana da yawun samarin da suka nitse. Albashinsu suke nema. Da ya kawo kuɗin, suka sa shi ya haƙa musu kaburbura, tunda teku ba ta dawo da gawa ba. Shi kuwa Souleiman jikin Issa ya shiga, wato mai binciken, kansa yake nema bai sani ba. A madubi kawai ake ganin fuskokin mamatan.

Ko aljanu ne ko fatalwa, fim ɗin bai yanke ba. Masu sharhi sun rabu.

'Yan wasa da ma'aikata

Mame Bineta Sané ce Ada, Ibrahima Traoré ne Souleiman, Amadou Mbow kuma Issa. Yawancinsu ba su taɓa fitowa a fim ba. Claire Mathon ta ɗauki hoto, Fatima Al Qadiri ta yi kiɗa.

Karɓuwa

An fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a watan Mayun 2019, inda Diop ta zama baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar. Ya ci Grand Prix, kyauta ta biyu a daraja bayan Palme d'Or. Senegal ta miƙa shi ga gasar Oscar, ya shiga jerin goma amma bai kai biyar ɗin ƙarshe ba. Netflix ta sayi haƙƙin nuna shi a ƙasashe da yawa.